Yadda Ake Gyara Baƙin Shinge da Miƙaƙƙen Hoto a Wasannin Bidiyo, Daga PS2 Zuwa Allo Mai Faɗin 21:9

A shagunan wasan PS da yawa na Yamai, daga Bukoki har Talaje, in ka ƙura wa ƙwallon da ake bugawa a talabijin ido za ka ga ta baje kamar ƙwai a kwance, ƴan wasan kuma sun gajarce sun yi ƙiba. Ba faifan ne ya lalace ba. Mai shago ne ya ga baƙi a gefen allo, ya ɗauka talabijin ɗin ya kasa cika hoto, sai ya danna maɓallin da ke miƙa shi har ya rufe ko'ina. Baƙin ya tafi, amma siffar komai ta karkace.

Baƙin shinge, na sama da ƙasa ko na dama da hagu, daga wuri uku yake fitowa: talabijin, na'urar wasa ko katin hoton kwamfuta, ko kuma wasan kansa. Kowanne da maganinsa. Wanda masu wasan suka sa da gangan, telekomand ba ya cire shi, sai dai ya yanke maka hoto. Don haka aikin farko shi ne gane asalin shingen, kafin a taɓa komai.

Lambobin da ake aiki da su

In an ce 16:9, ana nufin duk inda faɗi ya kai 16, tsayi 9 ne. Raba 16 gida 9, ka sami 1.78. Tsohon talabijin mai tudun baya 4:3 ne, wato 1.33. Wasu kwamfutocin cinya 16:10 ne, wato 1.6. Allon da ake tallarsa da sunan 21:9 ba 21:9 ne cif ba: mai ɗigo (pixel, ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 2560×1080 awonsa 2.37, mai 3440×1440 kuma 2.39. Akwai ma 32:9, wanda faɗinsa ya kai allo biyu na 16:9 a jere.

Hoto mai faɗi sosai daga silima ya samo asali. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope don janyo mutanen da talabijin ya fara zaunar da su a gida. Awon ya zauna a 2.35, daga 1970 kuma ya koma 2.39. Shi kuwa 16:9, wani injiniya mai suna Kerns Powers ne ya kawo shawararsa a 1984, a matsayin tsaka-tsaki tsakanin 1.33 da 2.35. Ma'ana tun ran gini an san cewa tsohon hoto zai bar baƙi a gefe, hoton silima kuma zai bar baƙi sama da ƙasa.

Lissafin ɗaya ne. Raba faɗin allo da awon hoton, abin da ya fito shi ne tsayin hoton. A allo mai 1920×1080, hoton 2.39 yana cin ɗigo 803 a tsaye, saura 277, wajen 138 sama da 138 ƙasa. Hoton 2.35 yana cin 817. Hoton 4:3 kuma yana cika tsayi amma faɗinsa 1440 ne, sai 240 dama da 240 hagu su zauna baƙi.

Ba sai ka ƙirga ɗigo ba. Ari igiyar awo wurin tela. Talabijin mai inci 32 faɗin fuskarsa kusan santimita 71 ne, tsayi kusan 40. Hoton silima zai bar baƙin santimita 5 sama da 5 ƙasa, hoton 4:3 kuma wajen santimita 9 a kowane gefe. A mai inci 43, kusan santimita 7 sama da ƙasa, ko 12 a gefe. In awonka ya zo daidai da waɗannan, hoton lafiyarsa lau, haka aka yi shi. In ya sha bamban, akwai abin gyara.

Matakin farko: gano wanda ya sa shingen

1. Kunna na'urar ba tare da shiga wasa ba, ka tsaya a babban menu ɗinta. In menu ɗin ya cika allo daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ka shiga wasa sannan baƙi ya bayyana, to daga wasan ne.
2. In tun a menu akwai baƙi, ko gefen rubutu ya yanke, matsalar tana tsakanin na'ura da talabijin.
3. Nemi wani abu da ka tabbata zagayayye ne, misali alamar da'ira ta maɓallin PlayStation da ke fitowa a ƙasan menu. Auna faɗinta da tsayinta. In faɗi ya fi, an miƙa hoton. In tsayi ya fi, an matse shi. Kada ka auna da da'irar tsakiyar fili, don kyamara a karkace take kallonta, dole ta fito a baje.
4. Duba ko baƙin a gefe biyu yake ko a huɗu. Baƙi a gefe huɗu kusan kullum alamar kuskuren saiti ne.

Mataki na biyu: talabijin

Sunayen menu za mu rubuta su yadda suke fitowa a allo, wani da Faransanci wani da Ingilishi, ya danganta da inda kayan suka fito. Shiga Image ko Picture, ka nemi Format de l'image ko Aspect Ratio. A wasu telekomand akwai maɓalli na musamman, P.Size ko Ratio ko Wide.

Ga PS3, PS4, PS5, Xbox da kwamfuta masu shiga ta HDMI, abin da ake so shi ne talabijin ya nuna hoto ɗigo da ɗigo, ba ƙari ba ragi. A Samsung sunansa Adapter à l'écran ko Fit to Screen, a LG Just Scan, a Sony Full Pixel, a Sharp Dot by Dot. Zaɓin 16:9 zalla bai isa ba a talabijin da yawa, domin suna ƙara girman hoto kaɗan su jefar da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na bakinsa. Gadon zamanin tsohon talabijin ne, lokacin da ake ɓoye dattin gefen sigina. A wasan ƙwallo wannan ɗan yankan ne ke cinye agogo da sunan ƙungiya a kusurwa, ya kuma sa rubutu ya yi dishi-dishi, tunda ɗigon na'ura bai hau kan ɗigon allo ba.

Guji Zoom, Cinema Zoom, Panorama da Wide Fit. Ga abin da suke yi da lamba. In ka yi Zoom don cika allo da hoton da tsayinsa 800 ne, an ninka girmansa sau 1.35, sai wajen ɗigo 249 ya fice ta dama, 249 ta hagu. Kusan kwatan hoton ke nan, kuma a can gefen ne taswira da ma'aunin rai da ƙidayar harsashi suke zama. Rubutun fassara da wasu wasanni ke ajiyewa cikin baƙin ƙasa shi ma ya tafi. Panorama kuwa yana barin tsakiya daidai ya miƙa gefuna, shi ya sa ɗan wasa ke ƙara ƙiba in ya nufi kwana.

Talabijin da yawa kowace ƙofa da nata saitin. Ka gyara HDMI 1, yaro ya mayar da waya HDMI 2, sai a koma gidan jiya. Gyara dukkansu lokaci guda.

Mataki na uku: na'urar wasa

PS2 ce ta fi ba da wahala, kuma har yanzu tana aiki a unguwanni da yawa, don haka za mu daɗe a kanta. PS2 ba ta aika hoto mai faɗi na gaske. In wasa yana da zaɓin 16:9, matse hoton yake yi cikin sigina ta 4:3, ya bar wa talabijin aikin buɗe shi. Saboda haka dole ɓangarorin biyu su yarda da juna:

Wasa a 4:3, talabijin a 4:3: daidai, da baƙi dama da hagu.
Wasa a 16:9, talabijin a 16:9: daidai, allo ya cika.
Wasa a 4:3, talabijin a 16:9: komai ya ƙara faɗi da kashi 33 cikin ɗari.
Wasa a 16:9, talabijin a 4:3: mutane sun zama sirara dogaye.

Cire faifai ka kunna, ka shiga Configuration du système, ka sa girman allo a 16:9. Amma wasanni da yawa ba sa kallon wannan saitin, suna da nasu a ciki. GTA San Andreas da Gran Turismo 4 duk suna da zaɓin allo mai faɗi a menu ɗinsu. Wasan da ba shi da wannan zaɓi kuma bai bi saitin na'ura ba, 4:3 ne, a bar shi da baƙinsa na gefe.

Akwai wani baƙi na dabam da faifan Turai ke kawowa. Kayan hannu da ke shigowa daga Faransa da Beljiyam tsarin PAL ne, mai layi 576 da bugu 50 a daƙiƙa (wato hoto yana sabuntuwa sau 50, 50 Hz), alhali wasannin Japan da Amurka don NTSC aka zana su, mai layi 480 da bugu 60. Wasu kamfanoni ba su sake zana hoton ba, sai suka bar rarar layukan baƙi sama da ƙasa, hoton ya ɗan danne, wasan kuma ya rage sauri. Final Fantasy X na Turai ya yi suna kan wannan. In faifai ya tambaye ka 50 Hz ko 60 Hz lokacin tashi, ɗauki 60. In hoto ya koma baƙi da fari ko ya riƙa birgima, talabijin ɗin bai karɓa ba, koma 50.

Sai ƙaramin akwatin da ke mayar da wayar AV, mai ja da fari da rawaya, zuwa HDMI. Yawancinsu suna miƙa hoto zuwa 16:9 ba tare da tambaya ba, talabijin kuma ya ɗauka sigina mai faɗi ce ta gaske. Dole ka tilasta masa 4:3 da hannu. In zaɓin 4:3 ya ƙi dannuwa, tura ɗan maɓallin da ke jikin akwatin daga 1080p zuwa 720p ka sake gwadawa. In ya ƙi har yanzu, cire akwatin ka shiga ta ƙofar AV kai tsaye.

PS4 da PS5 sun fi sauƙi. A PS4 shiga Paramètres, Son et écran, ka bar Résolution a kan Automatique ko 1080p, sannan ka buɗe wurin gyaran zone d'affichage ka faɗaɗa har alamomin kusurwa su taɓa bakin allo. A PS5 yana ƙarƙashin Écran et vidéo. Ka yi wannan bayan ka gyara talabijin, ba kafin ba. Wanda ya rage zone d'affichage don maganin yankan talabijin, in ya kai na'urar gidan aboki zai tarar da baƙi a gefe huɗu a wasannin da ke bin saitin.

In ka zaɓi awon da talabijin bai iya ba, allo ya yi duhu gaba ɗaya, ba ƙonewa ya yi ba. A PS3, kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, saitin hoto zai koma na farko. A PS4 ma ka danne har ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7, ka haɗa manet da wayar USB, ka zaɓi canza rezolushan a menu ɗin da ya fito.

Wuri ɗaya ne Zoom ke da amfani: inda wasa ya ajiye hoton 16:9 cikin sigina ta 4:3 da baƙi sama da ƙasa, kamar Resident Evil 4 na GameCube na 2005. A talabijin na yanzu zai fito da baƙi a gefe huɗu, kuma Zoom baƙin kawai zai yanke, ba hoto ba.

Shingen da aka sa da gangan

The Order: 1886, wanda ya fito a PS4 a 2015, hotonsa 1920×800 ne kuma babu maɓallin cire shingen. The Evil Within na 2014 ma da shinge ya fito, sai da ƴan wasa suka yi ta ƙorafi aka ƙara zaɓin cirewa ta hanyar sabuntawa, a kwamfuta da farko, a na'urorin wasa kuma a 2015. In kana da tsohon faifansa ba ka ga zaɓin ba, sabuntawar ce ba ka sauke ba. Senua's Saga: Hellblade II na 2024 a 2.39 yake. Death Stranding Director's Cut na PS5 kuma ya bar maka zaɓi, ko 16:9 ko 21:9 mai shinge.

Dalilai biyu ne ke sa a yi haka. Na farko kyan gani: fili mai faɗi, ko ƙunci da tsoro in ba ka ganin abin da ke sama da ƙasanka. Na biyu sauƙin aiki ga na'ura: 1920×1080 ɗigo 2,073,600 ne, 1920×800 kuma 1,536,000, ragin kusan kashi 26 cikin ɗari, wanda za a iya kashewa kan haske da inuwa.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne ko shingen ya ƙara maka gani ko ya rage. Tsayar da ɗan wasanka wuri guda, kada ka taɓa kyamara. Lura da abin da ke bakin allo ta dama, bishiya ko ƙofa ko mota. Canza zaɓin. In sabon abu ya shigo ta gefe, wasan ya faɗaɗa gani da gaske, shingen ya biya kuɗinsa. In gefen bai motsa ba, an rufe maka sama da ƙasa ne kawai. A wasan labari hakan ba laifi. A wasan harbi ko tsere, mu dai ba mu ga amfanin rufe abin da kake buƙatar gani ba, musamman a talabijin mai inci 32 da mutum shida ke kallo daga kan benci.

A kwamfuta

Nan ne kake da iko sosai. Fara da katin hoto. In katinka na NVIDIA ne, a manhajarsa NVIDIA Control Panel, buɗe Adjust desktop size and position, ka zaɓi Aspect ratio, ka sa Perform scaling on a kan GPU, wato katin hoton, ka kuma yi alama a akwatin da ke cewa a danne zaɓin wasanni. A manhajar AMD, ƙarƙashin Display, kunna GPU Scaling ka zaɓi Preserve aspect ratio. A Intel sunansa Maintain Aspect Ratio. Full-screen da Full panel su ne masu miƙa hoto. No scaling da Center kuma su ne masu barin ƙaramin hoto a tsakiya da baƙi zagaye da shi.

Tsofaffin wasannin ƙwallo na PES na kwamfuta ba a cikin wasa ake gyara su ba. Buɗe settings.exe da ke cikin jakar wasan, ka zaɓi yawan ɗigon allonka na gaskiya. In allon 4:3 ne ko 16:10, yi alama a akwatin LB don a sa shinge maimakon a matse ƴan wasa.

Ga yadda ake samun hoton 21:9 a allon 16:9 da kake da shi, ba tare da sayen komai ba:

1. Tabbatar an sa Aspect ratio da GPU kamar yadda muka faɗa. In ba haka ba hoton zai miƙe tsaye.
2. A NVIDIA shiga Change resolution, Customize, Create Custom Resolution. A AMD yana ƙarƙashin Custom Resolutions.
3. Rubuta 1920 da 810 in allonka 1080p ne, 1366 da 576 in ƙaramar kwamfutar cinya ce mai 1366×768, ko 3840 da 1620 in 4K ne. Bar bugun a 60.
4. Danna Test. In allo ya yi duhu kada ka kashe kwamfutar, jira daƙiƙa 15 zuwa 20 zai dawo da kansa.
5. Shiga wasa, sa shi a cikakken allo, ka zaɓi sabon awon. In wasan yana aiki da taga marar baki, sai ka fara canza awon Windows ɗin kansa.

A kwamfutocin cinya masu kati biyu, Intel da NVIDIA, sau da yawa waɗannan shafuka ba sa fitowa a na NVIDIA, domin Intel ce ke riƙe da allon. A manhajar Intel za ka yi aikin.

1920×810 ya rage ɗigo da kashi 25 cikin ɗari, don haka katin hoto mai rauni yana samun sarari, zafinsa ma ya ragu, abin da ba a raina shi a watan Afrilu. Amma in kwakwalwar kwamfutar ce mai rauni, ba katin ba, saurin ba zai ƙaru ba, yana ma iya raguwa, tunda gani ya faɗaɗa kuma abubuwan da za a lissafa sun ƙaru.

Faɗin gani

Wasanni kashi biyu ne. Wasu suna riƙe tsayin gani su ƙara faɗi in allo ya faɗaɗa. Wasu suna riƙe faɗi su yanke sama da ƙasa, sai ka ga kamar an matso da kyamara kan ƙeyar ɗan wasa. Kashi na biyun ne ke sa jiri da ciwon kai ga mai zama kusa da allo.

In wasan yana da ma'aunin FOV, wato kusurwar gani, mai auna faɗi, ga lambobin da ke riƙe tsayin gani yadda yake: abin da ke 90 a 16:9 ya zama 106 a 21:9, ya zama 127 a 32:9. Abin da ke 90 a 4:3 ya zama 106 a 16:9, 121 a 21:9. In ma'aunin na tsaye ne, bar shi yadda yake, wasan zai ƙara faɗin da kansa. Kada ka zarce, domin in ya yi yawa abubuwan gefe suna miƙewa, na tsakiya kuma su ƙanƙance har abokin gaba ya zama ɗigo.

Wasannin da aka gina da manhajar Unreal Engine da yawa suna da gyara mai sauƙi. Rubuta %LOCALAPPDATA% a mashigin jakar Windows, buɗe jakar wasan, sannan Saved, Config, sai WindowsNoEditor ko Windows. Buɗe Engine.ini da Notepad ka ƙara layi biyu a ƙarshe:

[/Script/Engine.LocalPlayer]
AspectRatioAxisConstraint=AspectRatio_MaintainYFOV

Ajiye. In wasan yana goge shi duk lokacin da ya tashi, mayar da fayil ɗin na karantawa kawai a Properties.

In wasan ya kulle a 16:9 gaba ɗaya, akwai manhajar Flawless Widescreen mai gyaran wasu wasanni, akwai kuma gyaran hannu. Fara da kwafin fayil ɗin .exe ka ajiye gefe. Buɗe na asalin da HxD, manhajar gyara lambobin cikin fayil, ka nemi lambobin heks 39 8E E3 3F, waɗanda su ne 1.78 a yaren kwamfuta. Musanya su da 26 B4 17 40 in awonka 2560×1080 ne ko 1920×810, ko 8E E3 18 40 in 3440×1440 ne. Lambar tana iya fitowa wuri da yawa, kuma musanya duka a tare kan karkatar da menu ko ya hana wasan tashi. In haka ta faru, dawo da kwafin ka riƙa canza ɗaya-ɗaya kana gwadawa. Bidiyon labari da aka naɗa tun farko a 16:9 zai zauna da baƙinsa, kuma duk sabuntawa tana share gyaran.

Kada ka yi wannan a wasan intanet. Valorant ya tsaya a 16:9 da gangan don kada wani ya fi wani gani. Elden Ring ma bai karɓi 21:9 ba, kuma yana da manhajar kama maguɗi. Taɓa fayil ɗin irin waɗannan na iya jawo a rufe maka asusu.

Kafin ka sayi allo mai faɗi

Inci a allon 21:9 yana ruɗi. Mai inci 29 tsayinsa daidai da na inci 23 na 16:9 ne, wajen santimita 29. Mai inci 34 tsayinsa daidai da na inci 27, faɗinsa kuma kusan santimita 80, sai a auna tebur. 2560×1080 ya fi 1080p nauyi da kashi 33 cikin ɗari, 3440×1440 kuma ya ninka shi kusan sau 2.4. A allo da yawa tsohuwar ƙofar HDMI 1.4 ba ta kai 3440×1440 a bugu 60 ba, sai DisplayPort ko HDMI 2.0.

Babban abin: PS4, PS5 da Xbox ba sa fitar da 21:9. Ka haɗa su da allon 2560×1080, za ka sami baƙin ɗigo 320 a kowane gefe, ko miƙaƙƙen hoto. Wasan da ke da nasa shingen sama da ƙasa kuma zai fito da baƙi a gefe huɗu, sai in allon yana da zaɓin yanke baƙin. Mai shagon PS ba shi da abin yi da irin wannan allo. In za ka saya na hannu a Katako ko Babbar Kasuwa, tafi da kwamfutarka da wayarka, ka ga cikakken awon ya fito a jerin Windows kafin ka biya.

Waya da naɗar bidiyo

Masu buga wasannin PSP a waya da manhajar PPSSPP: hoton PSP 480×272 ne, wayoyin yanzu kuma da yawa 2400×1080. Hoto na daidai zai bar wajen ɗigo 247 a kowane gefe. Zaɓin Stretch yana ƙara wa komai faɗi da kashi 26 cikin ɗari. Kashe shi, ka ja maɓallan taɓawa ka ɗora su kan baƙin gefen, yatsunka su sauka daga kan fili.

In kana naɗar wasa mai shinge don YouTube ko TikTok, yanke baƙin tun a manhajar naɗa ta OBS. Sa matatar Crop/Pad da 140 sama da 140 ƙasa, ka mayar da girman fitarwa 1920×800. YouTube yana daidaita kansa da siffar bidiyo, amma in baƙin yana cikin fayil ɗin, mai kallo a waya zai ga baƙi kan baƙi. A sitatus na WhatsApp mai tsayin 1920, hoton 2.40 ɗigo 450 kawai yake ci, bai kai kwata ba, don haka gara ka naɗa a 16:9 in wasan ya yarda.

Lafiyar allon

A talabijin na LCD da LED shingen ba ya cutar da komai. In ya yi toka-toka da dare, rage Rétroéclairage ko Backlight, ba Luminosité ba, don rage wannan na biyun yana haɗiye abubuwan da ke cikin inuwa. Filasma na gaske da OLED kuwa ɗigonsu yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi. In shago ya yi watanni yana nuna PS2 a 4:3 daga safe zuwa dare, tsakiya zai dushe ya bar gefuna da haske, iyakar ta zauna ko an canza wasa. Filasma da yawa suna da zaɓin mayar da gefen toka maimakon baƙi saboda wannan. Kunna shi, ka rage ƙarfin haske, ka kuma riƙa sa abin da ke cika allo tsakanin wasanni.

In saitin yana gogewa da kansa, ko duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, duba ko talabijin ɗin yana kan Mode magasin ko Store Demo, wanda aka yi don baje koli a kanti, mai mayar da hoto yadda ya fito daga kamfani. Mayar da shi Mode maison ko Home. Sannan rubuta a ɗan salatif ka manna a bayan kowane talabijin: ƙofar da na'urar ke shiga, sunan zaɓin da aka sa, da ko wasan 4:3 ne ko 16:9, don yaron shago ya iya mayarwa in wani ya taɓa telekomand.